Hoton Bakin Teku: A Yi Sammako, A Daina Cin Amanar Fuskokinmu



Maudu'in wannan mako wasu za su ce mun saki layi, don me ya haɗa zauren marubuta da ɗaukar hoto a bakin teku? To, ku duba littattafan da ake sakewa a Wattpad da WhatsApp. Jarumi ya yi kuɗi, sai Legas ko Dubai, sai bakin teku, sai mai hoto. Ku duba bangon littattafan, da hotunan da marubuta ke sawa a bayan littafi, da hotunan kafin aure da suka zama kamar wajibi. Teku ya shigo rubutunmu da rayuwarmu, amma ya shigo da kayan aro, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Magana biyu muke ja da su yau. Ta farko ita ce ta masu cewa kowane lokaci ma daidai ne, ai kwamfuta za ta gyara. Ta biyu ita ce ta masu haddace shawarar Turawa cewa lokacin faɗuwar rana ya fi kowane lokaci, suna maimaitawa ba tare da sun ɗaga kai sun dubi tasu ranar ba. Matsayinmu a fili yake: a gaɓar tekun da ta tashi daga Legas ta bi ta Kwatano da Lome har Akkara, safiya ce lokacin hoto, daga fitowar rana zuwa hantsi. Yamma tana biye da sharuɗɗa. Rana tsaka kuwa ɓarnar kuɗi ce.

Mu fara da rana tsakar, don ita ce aka fi yi, duk da ba wanda ke zaɓenta da gangan. Ana sa ƙarfe tara, mai kwalliya ta iso ƙarfe goma, ɗaurin kallabi ya ci nasa lokacin, a faɗa cunkoson hanyar Lekki, sai ga tawaga a kan rairayi ƙarfe ɗaya. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da rana ke tsakiyar sama a Legas. Mutane suna ɗauka ƙarfe sha biyu ne, alhali Legas tana can yammacin ƙasar, ranarta tana bin bayan agogo da kusan minti arba'in da biyar, tana bin bayan ta Kano da kusan minti ashirin. Sau biyu a shekara ma, wajen farkon Afrilu da farkon Satumba, rana tana bi ta saman kai sak, har mutum ya nemi inuwarsa ya same ta a ƙarƙashin takalminsa.

Haske idan ya sauko daga sama kai tsaye, goshi da karan hanci su ne ke tare shi. Ramin ido ya cika da inuwa, ƙarƙashin hanci da haɓa su yi baƙi, hula ko goshin ɗankwali su yanka fuska biyu. Rairayi yana ƙyalli, ruwa yana ƙyalli, ango ya sa farar shadda da ta sha bugu. Ita kamara ba ta san wane ne ango ba. Tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya, ta ga fari ya yi yawa, sai ta rage. Idan ta rage, shadda ta fito, teku ya fito, fuska ta nutse. Ga ido a kanne saboda zafin haske, ga gumi ya fara ratsa hodar da aka biya kuɗi aka shafa. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba tun kafin a danna.

Akwai kuma wani abu da masu zuwa hutun Disamba ba sa lura da shi, kuma Disamba ce lokacin da aka fi yin wannan harka. Gaɓar Legas kudu take kallo. Duk mai son teku ya fito a bayansa dole ya juya wa kudu baya. A watan Disamba rana tana karkata kudu, ke nan tana bayan wanda ake ɗauka, fuskarsa tana cikin inuwar kansa, ga ruwa yana walƙiya a bayansa kamar an zuba madubai. A watan Yuni abin yana juyawa, rana tana ɓangaren arewa, tana ɗan samun fuska. Wuri ɗaya, tsayuwa ɗaya, ƙarfe ɗaya, amma hoto biyu daban.

Nan ne mai hoto zai ce kada a damu, za a gyara. Wannan gyaran shi ne ya fi ba mu haushi a cikin lamarin duka. Abin da inuwa ta cinye ba ya dawowa yadda yake. Abin da ake yi shi ne a ɗaga hasken fuska da ƙarfi, a goge ta da filta, sai amarya wankan tarwaɗa ta fito fara fat kamar an shafa mata alli, wuyanta da hannunta kowanne da nasa launin. Baƙa mai sheƙi ta koma toka-toka. Daga nan sai yarinya ta dubi hoton ta dubi madubi, ta yanke wa kanta hukunci cewa hoton ya fi ta kyau, kuma kun san shagon da ake nufa bayan wannan hukuncin. Laifin da ya kamata a ɗora wa ƙarfe ɗaya na rana sai a ɗora wa fatar da Allah ya ba mutum.

Abin yana da tarihi. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka yake aika wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley, da shi ake saita launi a injin. Idan fatar Baturiyar ta fito daidai, an gama saiti. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Yau an samu ci gaba, har kamfanoni irin su masu wayar Tecno suka ci kasuwar Afirka da tallar kamarar da ta san baƙar fata. Amma duk wayon waya, ba ta iya matsar da rana daga inda take. Baƙar fata tana son haske mai taushi da ke zuwa daga gefe, wanda zai bi kumatu ya fito da sheƙinta da jan da ke ƙarƙashinta. Irin wannan hasken kyauta ne, sai dai yana da lokacinsa.

Yanzu mu zo kan 'yan boko, masu cewa ai an gama magana, sa'ar zinare ce, wato awa guda kafin faɗuwar rana. Asalin maganar gaskiya ce. Idan rana ta yi ƙasa, haskenta yana ratsa iska mai kauri kafin ya iso, a bakin faɗuwa ma kaurin ya ninka na tsakar rana fiye da sau talatin. A hanya shuɗin hasken yana watsewa, ja da ruwan ɗorawa su iso, zafin ya ragu, inuwa ta yi tsawo. Ba mu ja da wannan. Abin da muke ja da shi shi ne kalmar "sa'a".

Wanda ya raɗa wannan suna a ƙasar sanyi yake. A Landan, a watan Yuni, rana tana gangarowa a karkace, tana jan ƙafa kamar amaryar da ba ta son fita daga ɗakin uwarta. Jan hasken yana kai kusan awa guda, ta faɗi bayan ƙarfe tara na dare, kuma bayan ta faɗi a yi kusan minti arba'in da biyar ana ganin juna sarai. Legas kuwa digiri shida da rabi kawai ke tsakaninta da layin da ya raba duniya biyu. Rana a nan a miƙe take sauka, kamar guga a rijiya. Ainihin jan hasken bai wuce minti ashirin da biyar ba. Daga lokacin da ƙasan rana ya taɓa sararin ƙasa zuwa ɓacewarta minti biyu ne da 'yan kai. Bayan nan minti ashirin da kaɗan, duhu ya fara rufewa. Wanda ya zo da kaya kala uku yana shirin canzawa a cikin "sa'ar zinare" zai gama ɗaura zani na biyu ya tarar ana kiran magariba.

Magaribar ma ba ƙaramar magana ba ce. Mafi kyawun mintocin yamma suna manne da lokacin salla, sallar da ba ta da yalwar lokaci. A Legas rana tana faɗuwa tsakanin wajen shida da minti ashirin da biyar a Nuwamba zuwa bakwai da 'yan mintoci a Yuli. A Akkara, inda agogo ke bayan namu da awa guda, kusan ƙarfe shida ne duk shekara, wani lokaci ma kafin shida. Littafin Bature bai yi lissafin alwala ba, kuma ba laifinsa ba ne. Mai kwafowa ne ya kamata ya yi.

Sai hunturu. Daga Disamba zuwa Janairu ƙurar da muka sani a Kano da Damagaram tana gangarawa har bakin teku. A ranar da hazo ya yi kauri, rana tana zama farin faifai, ta dushe ta ɓace a cikin ƙura tun tana sama, babu ja babu zinare. Mun yarda hazo yana da nasa amfanin, don yana tausasa haske kamar an rataya labule, kuma fuska tana jin daɗinsa. Amma wanda ya biya kuɗin jirgi don ya samo jan sararin da ya gani a Instagram, toka zai kwaso. Haka lumshin Yuni da Yuli: fuska ta yi kyau kusan kowane lokaci, teku kuwa ya yi launin tukunyar dalma.

Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye a matsayin marubuta. Sau nawa aka rubuta mana masoya a bakin tekun Legas, suna fuskantar ruwa, rana tana nutsewa a gabansu a tsakiyar teku? Mai fuskantar teku a Legas kudu yake kallo. Rana tana fitowa ta hagunsa, ta faɗi ta damansa, can inda gaɓa ta miƙe. A watannin ƙarshen shekara takan ɗan karkato ta kan ruwa, a tsakiyar shekara kuwa ta bayan gine-gine da itatuwan kwakwa take sauka. Mai son rana ta faɗa teku a gabansa ya kai jarumansa Jidda, inda gaɓa ke kallon yamma, kuma alhazanmu da yawa sun gani da idonsu. Ya tsallaka Bahar Maliya zuwa Bur Sudan, abin ya juye: daga cikin ruwa rana ke fitowa da safe, ta faɗi ta bayan duwatsu. Dubai ma gaɓarta tana ba da faɗuwar rana a kan ruwa. Kowane teku da inda ya fuskanta, kuma taswirar da ke cikin wayarku ta isa ta gaya muku cikin minti ɗaya.

Sannan a rage wa jarumi jawabi. Rana ta taɓa ruwa, ya fara bayyana sirrin zuciyarsa, shafi huɗu, ta yi kuka, ya lallashe ta, suka ci abinci, har yanzu rabin rana tana waje tana jiransu. Minti biyu fa muka ce. Wasu ma har yau Bar Beach suke kai masoyansu, wurin da aka cike da yashi aka dasa Eko Atlantic a kansa. Mai karatu da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ya san wannan, haka ɗan Nima da ke zuwa Labadi ranar hutu. Da ya kama ka a ƙarya ɗaya da ya sani, ya daina yarda da kai a kan abin da bai sani ba.

To me safiya ta fi yamma da shi, tunda hasken iri ɗaya ne, gabas ce kawai ta maye yamma? Ta fi ta da abubuwan da ba haske ba. Da safe iska a kwance take. Sai ƙasa ta yi zafi iskar teku ke tasowa, ta yi ta ƙaruwa har la'asar, kuma duk wadda ta taɓa riƙon mayafi a bakin ruwa da yamma ta san yaƙin da ake yi. Iskar nan tana ɗauke da feshin gishiri da ke dusashe gilashin kamara. Da safe rairayi bai sha sawu ba, masu dawakin haya ba su fito ba, masu kiɗa ba su kunna ba, babu ƙaton da zai ratsa bayan amarya da gajeren wando. Ga matanmu da ke jin nauyin tsayawa gaban taro ana ce musu juya nan, kalli can, wannan kaɗai ya isa hujja. Jiki bai gaji ba, kwalliya sabuwa ce, sanyi bai bari gumi ya keto ba.

Babbar fa'idar kuwa ita ce, da safe kuskure yana da magani. Idan an makara da rabin awa, haske ya ɗan ƙara ƙarfi, amma yana nan. Da yamma idan an makara da rabin awa, sai dai a dawo gobe, a sake biyan kuɗin shiga da na mai kwalliya. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Ba ku buƙatar wata manhaja don gane iyakar lokacin. Ma'aunin yana hannunmu tun a makarantar allo, inda aka koya mana gane la'asar da tsawon inuwa. Ku tsaya ku dubi taku. Idan ta ninka tsawonku sau huɗu ko fiye, kuna cikin mafi daɗin haske. Idan ta dawo ninki biyu, a yi haramar tattara kaya. A Legas wannan yana zuwa ne kusan awa biyu bayan fitowar rana, wato tsakanin wajen takwas da minti ashirin da biyar zuwa ƙarfe tara, gwargwadon wata. Idan inuwa ta yi daidai da tsawonku, an shiga walaha, a nemi gindin kwakwa ko rumfa. Da yamma a juya lissafin: farkon la'asar haske yana da sauran kaifi, la'asar sakaliya ita ce abin nema, almuru kuwa na masu son hoton inuwar mutum ne ba fuskarsa ba.

Ku lura da sunayen nan: sassafe, hantsi, walaha, la'asar sakaliya, almuru. Harshen da ya yanka yini gunduwa-gunduwa haka, kowane yanki da irin haskensa, ba ya buƙatar aron sa'ar kowa. Amma sai ka karanta littafi sukutum, babu lokaci a cikinsa sai "da safe" da "da yamma" da "misalin ƙarfe 5:00pm".

Akwai masu hujja a ɗaya ɓangaren, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji su ba. Za a ce Malick Sidibé, mai hoton nan na Mali da ya rasu a 2016, wanda aka ba babbar lambar girmamawa a bikin fasaha na Banis a 2007, ya ɗauki samari da 'yan matan Bamako suna wasa a bakin kogin Neja cikin hasken rana sosai a shekarun 1970, kuma hotunan sun zaga duniya. Gaskiya ne. Sai dai hotunansa baƙi da fari ne, kuma abin da yake farauta motsi ne da ƙuruciya da jiƙaƙƙen jiki yana sheƙi, kaifin rana ya taimake shi. Ya san abin da rana ke yi ya yi aiki da ita. Wanda ya iso ƙarfe ɗaya saboda ɗaurin kallabi ya ci lokaci kada ya fake da Sidibé. Haka ƙwararren da ke da fitila mai ƙarfi da faifan mayar da haske da yaran da za su riƙe masa, zai iya kokawa da rana tsaka ya yi nasara, amma kuɗinsa daban ne, kuma yawancin masu karanta wannan da waya ko ƙaramar kamara za su je.

Za a kuma ce safiya tana da wahala. Tana da ita. Mai kwalliya sai ta tashi tun kafin assalatu. Wasu wuraren shaƙatawa masu karɓar kuɗin shiga ba sa buɗe ƙofa da wuri, sai an yi magana da su tun jiya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Tarkwa Bay sai da jirgin ruwa ake zuwa, dole a san lokacin tashinsa. Kuma gaɓar da babu kowa ba wurin zuwan mutum biyu da kamara mai tsada ba ne, a tafi da jama'a, a zaɓi wurin da ke da masu gadi. Duk wannan shiri ne na kwana ɗaya, hoton kuma jikoki za su gani.

Abu na ƙarshe ya fi hoto muhimmanci. Tekun Atilantika ba dam ɗin Tiga ba ne, ba kuma kududdufin bayan gari da wasunmu suka koyi iyo a ciki ba. Ruwansa yana cikowa yana janyewa sau biyu a yini, lokacin yana matsawa da kusan minti hamsin kowace rana, kuma cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Gaɓar Legas da ta Akkara suna da igiyar da ke ja zuwa ciki, wadda takan ɗauke ko wanda ya iya ruwa. Mai hoto zai ce a ɗan ƙara shiga, a bari ruwa ya taɓa gwiwa. Leshi mai duwatsu da babbar riga idan suka sha ruwa nauyinsu ya ninka, kuma mai kallon kamara ya ba teku baya, ba ya ganin abin da ke tahowa. A duba jadawalin cikar ruwa kafin a sa rana, a nemi safiyar da ruwa ke janyewa, a tsaya a kan jiƙaƙƙen rairayin da ya bari, wanda ma shi ne ke ɗaukar hoton mutum kamar madubi. A sa mutum ɗaya wanda aikinsa kawai kallon ruwa. Idan tsautsayi ya gitta da safe, akwai yini guda na haske a gaba. Da almuru minti ashirin ne.

Aikin wannan mako: wanda ke kusa da ruwa, teku ne ko kogi ko tafki, ko gaɓar Kwara a Yamai, ya je sau biyu a rana ɗaya, da hantsi da kuma la'asar sakaliya. Wanda ba shi da ruwa kusa ya tsaya a ƙofar gidansu. A auna inuwa da taki, a dubi fuskar mutum ɗaya a lokutan biyu, a rubuto mana kalma ɗari biyu a kan bambancin, ba tare da an yi amfani da kalmar "kyau" ko sau ɗaya ba. Masu ja da mu a kan yamma, fili naku ne, amma ku zo da sunan gaɓar, da watan, da inda ta fuskanta.